Ranar da Bushiya Ta Yi Ƙarya

Duk lokacin da Mai Rediyo ya kunna kwamfutarsa, wata 'yar bushiya ce ke fara leƙowa. Tana fitowa daga gefen hagu na allon, ƙayoyinta a tsaye, ta taka a hankali zuwa tsakiya, ta shinshina iska, sannan ta dunƙule ta zama ɗigo, ɗigon ya buɗe ya zama shafi. Shekara tara ke nan yana kallon wannan tafiya, kuma bai taɓa barin ta wuce bai ce mata sannu da fitowa ba.

Kwamfutar gado ce daga amininsa Mai Agogo, wanda shagonsa ke jikin nasa tun suna da baƙin gashi. Shi ya taɓa yi masa bayani cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar yadda kowane gida yake da mai gida, kuma kusan duk duniya iri biyu ko uku ake amfani da su. Wannan kuwa wasu mutane ne suka ƙera ta don sha'awa kawai, suka sa mata suna Bushiya. Masu amfani da ita, in ji Mai Agogo, da za a tara su duka, ba za su cika bas goma ba. Wannan maganar ce ta shiga ran Mai Rediyo. Shi mutum ne da ke ajiye makullin da ba shi da kwaɗo, da kwalbar da aka hura a karkace, da rediyon da tasha ɗaya kawai yake kamawa, ita ma sai in hadari ya haɗu. Da Mai Agogo ya rasu, 'ya'yansa suka kwashe agogunan, shi kuma ya rungumo Bushiya zuwa gida, ya ba ta tebur a ɗakin zama, kusa da keken ɗinkin matarsa.

"Shara ta ƙaru," abin da matar ta ce ke nan a ranar. Amma ita ta ɗinka mata rigar ƙura, mai ɗan kalmasa a baki.

Sun tsufa tare, kowa da abin da shekaru suka karɓe masa. Ita idanunta sun yi hazo, sai da laluben yatsa take zura zare a allura. Shi kuwa kunnen hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Abu ɗaya suke ji daidai su biyu, kukan ƙyauren ɗakin zama. In an buɗe shi sai ya ja wata doguwar ƙara siririya, ya yi ɗan shiru kamar mai haɗiyar yawu, sannan ya ƙarasa da gajeren gurnani. Shekara ashirin tana cewa ya ɗiga masa mai, shekara ashirin yana cewa gobe.

Ranar Alhamis Auta ta kira. Ita ce ƙaramarsu, tana wani gari mai nisa, tana wani aiki da har yau uwar ba ta iya bayyana wa maƙwabta. Ba ta fitowa a fim, ba ta riƙe kyamara. Sauti take sa wa fim: takun ƙafa, zubar ruwa, motsin riga. Bara da ta zo hutu, yini take yi tana yawo a gidan da wata sanda mai kai kamar jelar kyanwa, tana nuna wa komai, tana cewa gwaji take yi.

"Baba, fim ɗin ya fito," ta ce. "Na farko da aka rubuta sunana. Za a nuna shi a intanet kwana uku kacal, daga gobe zuwa Lahadi ƙarfe shida na yamma. Tikitin baƙo ɗaya aka ba ni, na turo maka lambar a waya."

"Madalla, madalla."

"Saurara da kunnen dama, Baba. Na'urar da aka fara sa lambar a cikinta, ita kaɗai za ta yi. Ka kai wa Mai Kemis ya sa a tasa. Kada ka sa a Bushiya."

"Me Bushiya ta yi miki?"

"Baba."

"Na ji."

"Ba ni Umma." Da uwar ta karɓa, ta ce, "Umma, ki sa masa ido. Kuma ke ki buɗe kunne da kyau, don ke na yi."

Safiyar Juma'a, matar tana wanki a bayan gida, Mai Rediyo ya zauna gaban tebur da 'yar wayarsa mai maɓallai. Bai yi niyyar saɓa wa Auta ba. Tunani ya yi cewa abin kunya ne a ce fim ɗin 'yar gida ya shigo gari a sauke shi a gidan maƙwabci, alhali ga ta gida tana zaune. Ya ce bari ya nuna wa Bushiya shafin kawai, ta ga irin wurin. Da shafin ya buɗe sai ga wani ɗan akwati fari yana jira, lamba kuma tana hannunsa. Yatsansa ya shiga aiki kafin hankalinsa ya iso.

Shafin ya yi masa maraba, ya ce an karɓi tikiti. Wani da'ira ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Daga nan allon ya yi baƙi, aka rubuta layi ɗaya da fararen haruffa. Karatunsa na boko bai wuce aji huɗu ba, sauran a jikin takardun rediyo ya tsince shi, amma ya gane abin da ake nufi: ba mu san wannan na'ura ba, ba za mu kunna mata fim ba.

Ya kashe, ya kunna. Bushiya ta fito, ta shinshina iska kamar ba abin da ya faru. Layin ya dawo.

Ƙyaure ya yi kukansa, matar ta shigo tana goge hannu a zane.

"Malam, shirun nan naka ba na lafiya ba ne. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Ita ce ba su sani ba."

Ta tsaya. Ba ta ganin rubutun, amma shekara arba'in da biyu tana karanta muryarsa. Ta zauna a kujerar kekenta, ta ɗora hannu biyu a cinya. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

"Ta ce don ni ta yi," abin da ta faɗa ke nan.

Mai Kemis ya zo bayan azahar da kwamfutarsa siririya a hammata. Abokin tsokanar Mai Rediyo ne tun zamanin da yake kawo masa rediyo ɗaya sau uku a wata don ya sami wurin hira. Ya sa lambar a tasa, shafin ya ce an riga an yi amfani da wannan tikiti.

"To ka ɗaura wa tikiti aure da dabbar daji," ya ce. "Hanya biyu ce. Ko ka kira yarinya ka faɗi laifinka, ko mu goge wannan ƙayar mu zuba manhajar mutane."

"In an goge, shafin zai gane ta a matsayin wadda ta karɓi tikitin?"

Mai Kemis ya sosa ƙeya. "Wannan kuma ban sani ba."

"To ba a gogewa. Yarinya kuma ta ce ɗaya aka ba ta. In sa ta je tana roƙon manyanta a makon farko da aka rubuta sunanta, don ubanta ba ya jin magana?"

"Da ma ai ba ya ji. Kunne ɗaya gare shi."

A cikin takardun da Mai Agogo ya bari akwai adireshin wani dandali inda masu Bushiya ke haɗuwa su taimaki juna. Mai Rediyo bai taɓa rubuta komai a wurin ba, leƙe kawai yake yi, kamar mai wucewa ta ƙofar ɗakin taro. Yanzu ya sa Mai Kemis ya zauna ya rubuta masa wasiƙa da harshen da suke ji. Ya fara da gaisuwa ga shugabannin dandalin da iyalansu, ya yi ta'aziyyar Mai Agogo ko da akwai waɗanda ba su ji ba, ya ba da tarihin kwamfutar, ya ambaci rigar da aka ɗinka mata.

"Mutanen nan layi biyu suke rubutawa," in ji Mai Kemis. "Ba sa ma sallama."

"Su suka sani. Ni ba zan shiga gidan mutane da roƙo ban gaishe su ba."

Sai a sakin layi na biyar aka zo kan fim.

Asabar ta zo babu amsa. Mai Rediyo ya kasa zama. Ya share tebur, ya jera makullansa marasa kwaɗo daga ƙarami zuwa babba, ya sake jera su daga babba zuwa ƙarami. Yana shiga yana fita, ƙyaure yana kuka a bayansa kowane minti biyar, har matar ta dafe kai.

"Malam, don girman Allah, in ba za ka zauna ba, ga man keke nan. Ka yi abu ɗaya mai amfani a makon nan."

Da wata rana ce da ya ce gobe. Amma mai laifi ba ya da gobe a bakinsa. Ya ɗauki 'yar kwalbar mai dogon baki, ya ɗiga sau uku a ƙarfen sama, sau uku a na ƙasa, ya kaɗa ƙyauren gaba da baya. Kukan ya sirance, ya koma kamar numfashi, ya ɓace. Su biyu suka tsaya suna sauraren shirun.

"Shekara ashirin," ta ce. "Ɗigo shida."

Amsar ta iso ranar Lahadi da hantsi, daga wata mata da ke kiran kanta Mai Kiwon Zuma. Mai Kemis ya karanta yana fassarawa. Ta ce ta karanta wasiƙar sau biyu, ta kuma karanta wa mijinta, kuma tun da ta shiga dandalin ba a taɓa tambayar lafiyar iyalinta ba sai yau. Ta tuna Mai Agogo, shi ne wanda ya taɓa gyara musu lissafin kwanan wata. Game da fim kuwa, ta ce abin mai sauƙi ne. Duk na'urar da ta je ƙofar shafin, sai an tambaye ta sunanta. Mai tsaron ƙofar sunaye uku kawai aka ba shi a takarda. Bushiya tana iya kunna fim ɗin sarai, sunanta ne kawai babu a takardar. Ga layin da za a rubuta a wuri kaza, daga nan in an tambaye ta, za ta faɗi sunan ɗaya daga cikin manyan.

Mai Rediyo ya janye hannunsa daga tebur.

"Wato ta yi ƙarya."

"Wato ta shiga," in ji Mai Kemis.

"Shekara arba'in ina gyara, ban taɓa sa tsohon kaya na ce sabo ne ba. Yanzu da furfurata in koya wa baiwar Allah ta musanta sunanta a ƙofar mutane?"

"Tikitinka ne fa, ba sata za ka yi ba."

"Sunanta ne kaɗai abin da take da shi."

Ya tashi ya tsaya a taga. Azahar ta yi, ta wuce. Mai Kemis ya je ya buɗe shago ya dawo, ya same shi inda ya bar shi. Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne, agogon bango kuma ya kusa ƙarfe uku.

Matar ce ta yi magana, tana laluben bakin wata riga da take kalmashewa.

"Mai Kemis, na taɓa ba ka labarin ranar da wani ya zo ƙofar gidanmu? Babana ya tambaye shi sana'a, ya ce yana da shagon gyaran rediyo a babban titi."

"Ai yana da shi."

"Bayan shekara shida. A ranar, tebur gare shi mai ƙafa uku a gindin bishiya, ƙafa ta huɗu bulo ce."

"A babban titi bishiyar take," in ji Mai Rediyo, bai juyo ba.

"Takalmin ma na aro ne. Yana tafiya kamar agwagwa."

Mai Kemis ya yi dariya har da tari. Matar ba ta yi ba. Ta cije zare, ta ce, "Da ya faɗi gaskiya a ƙofar, da ba a bar shi ya shiga ba. Da ya shiga kuma, ba a taɓa samun sa da wata ƙaryar ba. Ni dai ban yi asara ba."

Mai Rediyo ya juyo daga taga. Sannan ya dawo ya zauna, ya gyara tabarau, ya rubuta layin da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Kafin ya danna na ƙarshe ya sunkuya kusa da allon.

"Na yau kawai," ya ce a hankali. "Ni na san ko ke wace ce."

Da'irar ta juya sau biyu. Allon ya yi haske. Ga wani fili fari fat, dusar ƙanƙara har iyakar gani, ga layin dogo ya ratsa shi, ga 'yar tashar jirgin ƙasa ita kaɗai, wani tsoho da fitila yana tafiya a gefenta.

"Ya yi!" Mai Kemis ya buga cinya. "Dabbar daji ta shiga gari!"

"Me ake yi?" matar ta tambaya, ta karkato da kai. "Ban ji komai ba."

Mai Rediyo ya ɗauka kunnensa ne. Ya juyo da na dama, ya ƙure ƙarar. Tsohon cikin fim yana taka ƙanƙara, bakinsa yana motsi, iska tana kaɗa rigarsa, amma ɗakin shiru kamar an toshe shi da auduga. Hoto ya zo, aikin Auta bai zo ba.

Ƙarfe uku da rabi. Suka rubuta wa Mai Kiwon Zuma, wannan karon layi biyu babu gaisuwa, amma babu alamar tana kusa. Mai Kemis ya danna duk abin da ke dannuwa, ya ɗaga hannu.

Mai Rediyo ya tsayar da fim ɗin, ya zuba wa allon ido. A can ƙasa ya lura da wani ɗan koren layi, wanda ɗazu yake tsalle lokacin da tsohon ke tafiya, yanzu kuma ya kwanta. Ya saki fim, layin ya tashi. Ya tsayar, ya kwanta. Wani abu ya warware a fuskarsa. Manhaja ba fagensa ba ce, amma wannan ya san shi tun yana saurayi.

"Sauti ba ya ɓata," ya ce. "Hanya yake saki. Yana ciki, yana fita ta ƙofar da babu kowa."

Ya juya akwatin kwamfutar. A bayanta akwai ƙananan ramuka biyar da bai taɓa sa musu komai ba. Ya jawo akwatin aikinsa daga ƙarƙashin gado, wanda rabonsa da buɗewa tun da ya rufe shago, ya zaro 'yar lasifikar kunne mai waya biyu.

"Maman Auta, matso. Ni ne hannu, ke ce kunne."

Ta sa a kunne. Ya taɓa rami na farko.

"Babu."

Na biyu.

"Ƙudan zuma."

Na uku, babu. A na huɗu ta kama hannunsa da ƙarfi.

"Iska," ta ce. "Malam, iska mai sanyi. Da takun mutum."

Ya sauko da babban rediyon katako daga kan kabad, wanda ke kama tasha ɗaya in hadari ya haɗu. Tasharsa ta lalace, amma muryarsa ba ta da ta biyu a unguwar. Ya buɗe bayansa, ya sa ƙarfen liƙi a wuta. Ƙamshin dalma ya cika ɗakin, matar ta ja numfashi ta ce yau gidan ya koma gidan.

"Riƙe nan," ya ce wa Mai Kemis. "Ba nan ba, likitan ƙarya, jar wayar."

Ƙarfe huɗu da minti goma suka mayar da fim farko. Fitilar rediyon ta yi ja a hankali, sai iska ta cika ɗakin, har matar ta jawo mayafi.

Fim ne mai ƙarancin magana, labarin wani tsohon mai tsaron tasha da jirgi ke wucewa ta gabansa sau ɗaya a mako. Mai Rediyo yana gaya mata abin da ake gani, ita tana gaya masa abin da ake ji. "Yanzu ya zuba ruwa a buta," in ji shi. "Ai na ji, butar ma ta ƙarfe ce, ta lotsa a gindi," in ji ta. Mai Kemis ya ce su yi wa Allah su bar mutum ya kalla, suka ce ya koma shagonsa.

Can jirgi ya taso daga nesa. Ƙararsa ta fara ƙasa-ƙasa, tana ƙaruwa. Matar ta miƙe zaune.

"Wannan ba jirgi ba ne."

"Jirgi ne mana, ga hayaƙi."

"Kekena ne. Ji can ƙasa. Ji inda yake tsallake ɗinki, duk bugu na bakwai. 'Yar banza, ashe abin da take yi da jelar kyanwar ke nan." Tana dariya, tana goge ido da bakin mayafi.

Jirgin ya wuce bai tsaya ba. Tsohon ya juya, ya taka zuwa ɗakinsa, ya kama mariƙin ƙofa ya tura.

Doguwar ƙara siririya. Ɗan shiru kamar mai haɗiyar yawu. Gajeren gurnani.

Su ukun suka waiwaya ga ƙyauren ɗakin zama. A rufe yake, bai motsa ba.

Sau huɗu aka buɗe ƙofar a cikin fim ɗin, kuma duk lokacin matar tana ɗaga yatsa kafin gurnanin ya zo, tana sauke shi daidai kansa. Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, Mai Rediyo ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya bi sunayen da yatsa, ya sami na Auta, ya karanta mata shi da ƙarfi sau biyu. Shida saura minti goma sha takwas.

Wayar ta yi ƙara.

"Umma, kun gani? A kwamfutar Mai Kemis ɗin ya fito da kyau?"

Matar ta juya fuskarta wajen mijinta. Shi yana kallon silin.

"Mai Kemis yana nan tare da mu," ta ce. "Mun ji komai, 'yar nan. Komai da komai."

Bayan baƙon ya tafi, Mai Rediyo ya buɗe wurin da ya rubuta layin, ya goge shi harafi bayan harafi. Ya kashe, ya kunna. Bushiya ta leƙo daga hagu, ta taka zuwa tsakiya, ta shinshina iska.

"Sannu da dawowa," ya ce.

Matar ta tashi za ta ɗora ruwan shayi. Ta kama ƙyauren ta buɗe, ya tafi sumul. Ta tsaya. Ta rufe, ta sake buɗewa a hankali, kunnenta a kusa da katakon. Ta ƙara gwadawa sau ɗaya.

"Malam," ta ce, "wa ya ce ka sa masa mai har ɗigo shida?"

Ya gyara tabarau. Sannan ya juya mata kunnen hagu.